Kashi Arba'in na Hamagabdo

A gidan su Hamagabdo namiji ba ya ciwo. Wannan tarihi ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a majalisar mai tsire ta bakin tashar jirgin ƙasa a Ngaundere ya ji shi daga bakin mai shi. Kakansa a tsaye ya mutu, jingine da sandarsa, ba a gane ba sai da shanu suka gaji da jira suka koma gida su kaɗai. Ubansa zaki ya yage masa cinya, ya ɗaure wurin da rawani ya kai garke mashaya, da aka tambaye shi ya ce ƙaya ce. Mazan gidan sukan mutu, tunda Allah ya rubuta wa kowa, amma ba sa bin hanyar da sauran mutane ke bi kafin su isa can.

Sunana Fannami. Na karanta shari'a a Yawunde, ban zama lauya ba, amma ana kirana Metir kamar yadda ake kiran lauyoyi, ban kuma taɓa hana kowa ba. Ina da ɗaki a bayan kotu, inda wata ƙungiya ke biyana in taimaki waɗanda ba su da kuɗin lauya: matan da aka cinye musu gado, ma'aikatan da aka kora, da masu neman fanshon nakasa. Dokar waɗannan na ƙarshe ba ta da tsawo. Idan ma'aikaci mai rajista ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa kafin shekarun ritaya, asusun ma'aikata zai riƙa ba shi wani abu. Likitoci ke auna kashin. Nawa aikin shi ne in kai mutum gabansu a lalace daidai yadda yake a gida. Yawanci rage musu nake yi, don akwai mai shiga da ɗingishi a ƙafar hagu ya fito da shi a ta dama. Hamagabdo kaɗai ne na yi fama da shi ya yarda ya ɗingisa.

Matarsa Astajam ce ta fara zuwa. Ta sauke ƙwaryar kindirmo a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa duk da kujera biyu da ke ɗakin. Na tambaye ta sunan mijin, sai ta kalli bango. Da na sake tambaya ta kwance bakin zane ta ɗora katin shaidarsa a kan tebur, na karanta da kaina. Har muka gama shari'ar ban ji ta kira shi da wani suna ba sai "shi".

Labarin a gutsure ta ba ni, na haɗa. Shekara ashirin da wani abu yana aiki da wani kamfani mai loda shanu a taragon jirgi zuwa kudu. Wata rana bijimi ya matse shi da ƙofar tarago, aka ji ƙarar bayansa daga inda ake auna kaya. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce wa shugaban aiki ba abin da ya faru, ya ƙarasa lodi. Tunda ba abin da ya faru, ba a rubuta rahoton haɗari ba, tunda kuma ba rahoto, ƙofar diyya ta rufe tun ranar. Bayan wasu shekaru ƙafafu suka fara mutuwa. Kamfani ya sallame shi da godiya da buhun shinkafa.

Na tambaye ta ko akwai wani abu ban da ƙafafun. Ta daɗe tana gyara faifan da ke kan ƙwarya.

"Wankina ya yi yawa, Metir."

Ban gane ba sai da ta ƙara da cewa an sayo shimfiɗar roba.

An riga an shigar da takardar neman fansho sau ɗaya, wani mai rubutu a bakin gidan waya ya cike musu. Likita ya tambayi Hamagabdo yaya jiki, ya ce lafiya lau, ya gode wa Allah, ya tambayi likita yaya iyali. Aka ba shi kashi talatin. Abin da ya rage shi ne ɗaukaka ƙara gaban kwamitin likitoci uku, kuma sau ɗaya ake yi.

Astajam tana da shanu biyu da ubanta ya ba ta lokacin aure, suna hannun wani makiyayi a hayin kogin Vina. Ɗaya ta riga ta tafi wajen ɗaukar hoton baya. Ta biyun, ja mai farin goshi, ana kiranta Wule, da nononta gidan ke ci. Nonon yana sayen gari da mai, ba ya kaiwa ga magani.

"In takardar nan ba ta fito ba," in ji ta, "Wule za ta hau jirgi."

Na ce to sai ta kawo shi. Ta ce ba zai zo ba, don ba shi da abin da zai kawo shi wurin masu taimakon marasa lafiya. Ta ɗan dube ni, ta dubi zanen da ke kumatuna, ta tambaya ko ni Babarbare ne. Na ce ƙwarai. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Daga baya na ji abin da ta je ta faɗa masa: wai akwai wani Babarbare a bayan kotu yana yaɗa cewa Fulani tsoron takarda suke yi.

Washegari ya iso a keke mai ƙafa uku. Dogo ne, siriri, da babbar riga baƙa da hula a tsaye. Daga bakin titi zuwa ƙofata ba nisa, amma sai da na gama shan shayi na wanke kofi kafin ya ƙaraso, yana tsayawa yana duban bishiyoyi kamar mai niyyar saye.

"Kai ne bawan da ke cigiyar ubangijinsa?" in ji shi.

"Ni ne sarkin da ya aika a kamo masa makiyayi. Zauna, Baffa, kada iska ta tafi da kai. Waɗannan ƙafafu ne ko sillen kara?"

Ya ɗauki lokaci kafin ya kai ga kujera. Da ya zauna ya ce kujerun Barebari gajeru ne kamar hankalinsu, shi ya sa.

Tsakaninmu da Fulani ba abin da ba a faɗa, muddin an sa masa rigar zagi. Da wannan na yi aiki. Tambayar da likita ya yi ya sami gaisuwa, ni na yi ta a matsayin cin mutunci na sami amsa. Na ce an ce Fulanin yanzu ba sa jin ƙaya in ta soke su a tafin ƙafa, ya ce ƙafar da ta taka daga nan zuwa Tibati ba ta da lokacin sauraron ƙaya, sannan ya ƙara da cewa ta hagun ta fi. Na rubuta. Na ce an ce ba sa iya tsugunno a bayan gida sai an riƙe su, ya ce Bafulatani ba ya tsuguna wa kowa. Na rubuta. A zama na uku na ce an kuma ce suna jiƙa shimfiɗa kamar jarirai.

Na ɗauka na wuce gona da iri. Yana kallon kan sandarsa.

"Ko ya jiƙa, ya fi turaren Babarbare ƙamshi," in ji shi. Can ya ce, "Tun daminar bara. Da rana ma, in na daɗe a tsaye."

Na rubuta wannan ma, da Faransanci mai kyau, na manna kan sarki, na haɗa da hoton bayan na kai.

Saura ya faɗa da bakinsa, don kwamiti ba ya amsar maganar wakili sai ta fito daga majiyyaci. Muka yi ta gwaji. Nakan sa tabarau in zama likita, shi kuma ya amsa. Da farko duk tambayar da na yi sai ya ce alhamdu lillahi. Na ce masa Allah ya ji godiyar, kwamiti kuma ba ya biya a kanta. A hankali ya koyi cewa "ba na iyawa", yana furta ta kamar mai haɗiye maɗaci. Abin da ya sauƙaƙa masa, likitocin baƙi ne, mutanen kudu, yau suna nan gobe an mayar da su. Tafintan asibitin kuma wani tsoho ne ɗan ƙabilar Gbaya mai suna Zakari, wanda ya ji abin da ya fi wannan, ba ya kuma zama a majalisar mai tsire. Hamagabdo ya ce faɗa musu ba shi da bambanci da faɗa wa jirgin da ya riga ya tashi. Na ce madalla, haka nake so ya ɗauke su.

Ranar zaman kwamiti ana yayyafi. Ba zai iya hawa babur ba, keke mai ƙafa uku kuma ruwa na shiga, don haka aka nemi mota. Wanda ya aro ta shi ne Sali, mijin babbar 'yarsa Kulsumi, malamin lissafi a makarantar sakandare. Sali yaro ne mai tarbiyya, kuma abin da ya kashe mu ke nan. Tun da ya auri Kulsumi bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, bai taɓa shan ruwa ba, bai taɓa ambaton sunansa ba. In ya hango shi a hanya yakan shige lungu ya jira. In dole ta sa ya gaishe shi, tun daga kwanar gida yake cire takalmi. A motar, kafin ya tayar, ya kai hannu ya karkatar da madubin gaba don kada idonsu ya haɗu, muka ratsa gari ba ya ganin abin da ke bayansa. Da muka isa ya buɗe wa surukinsa ƙofa yana kallon taya, sannan ya je can gindin mangwaro ya tsaya a cikin ruwa.

Aka kira sunanmu. Shugabar kwamitin wata Dakta Essomba ce, ba ta daɗe da zuwa daga kudu ba, mace mai fara'a da son a gama aiki. Ta aika a kira Zakari, aka ce ya tafi ƙauye jana'izar ƙanensa. Ta tambaya wa ke jin Fulatanci da Faransanci. Na ɗaga hannu. Ta ce wanda ya rubuta ƙara ba zai zama bakin majiyyaci ba, ƙa'ida ce, kuma a gaskiya ƙa'ida ce mai ma'ana, ni ma da ni na rubuta dokar haka zan sa. Ta tambaya ko akwai ɗan uwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna gindin mangwaro.

Na ce mata surukinsa ne. Ta ce ai ya fi kyau, suruki ɗa ne, ita mijinta ne ya yi wa mahaifinta wanka har ya rasu. Na ce a nan ba haka abin yake ba, na roƙi a ɗage zaman. Ta ce ba ta ƙi ba, sai dai kwamiti ba zai sake zama ba sai bayan damina, kuma majiyyaci ne zai nema, ba wakili ba. Ta ce in tambaye shi.

Na tambaye shi, a gaban kowa, Sali yana tsaye a bakin baranda da takalmi a hannu. Tun ina tambayar na san amsar. In ya ce a ɗage, ya faɗa ke nan cewa akwai maganar da ba za ta faɗu a gaban mijin 'yarsa ba, kuma kowa zai san wace iri ce.

"A ɗage don me?" in ji Hamagabdo. "Ina da abin ɓoyewa ne?"

Suka shiga, aka rufe ƙofa. Ɗakin yana da taga mai gilashi jere-jere, biyu sun fashe, akwai benci a ƙarƙashinta. Nan na zauna, na ji zaman duka cikin harshe biyu. Ni kaɗai ne na ji shi haka ban da Sali.

Tambayoyin farko sun tafi daidai: shekaru, aiki, yaushe abin ya fara. Sannan Dakta Essomba ta ce a tambaye shi ko yana iya riƙe fitsari, dare da rana.

Na ji ruwa na ɗiga daga indararo. Sannan muryar Sali, can ƙasa:

"Baaba, likita tana gaishe ka. Tana tambaya yaya kake kwana."

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ka ce ina amsawa. Yaya mutanen gidanta?"

Sali ya ce da Faransanci, "Ya ce ba matsala."

Ta tambaya ko yana iya shiga bayan gida shi kaɗai. Sali ya ce likita tana tambaya ko akwai abin da ya rasa a gida. Hamagabdo ya ce ba abin da ya rasa, Allah ya rufa asiri. Ta tambayi abin da ke tsakaninsa da iyalinsa, wanda shi ma yana da nasa kashin a lissafi. Wannan Sali bai ma yi ƙoƙari ba, ya yi tari, ya ce likita ta ce ana ruwa bana. Hamagabdo ya yarda cewa ana ruwa, ya ce shanu za su ji daɗi.

Likitar ba wawuya ba ce. Na ji tana buɗe fayil. Ta ce abin da ke rubuce a nan ya saɓa da abin da take ji, a tambaye shi ko abin da wakilinsa ya rubuta gaskiya ne.

"Baaba, an ce Metir ya rubuta wasu maganganu a kanka."

"Wannan? Babarbare ne. Ka gaya mata wasa ne tsakaninmu da su tun kakanni. Duk abin da ya faɗa a kaina zagi ne, ni ma haka nake yi masa."

Wannan jimla Sali ya fassara ta kalma bayan kalma, bai rage ko wasali ba. A duk zaman ita kaɗai ta sami wannan gata.

Aka zo gwajin jiki. Suka ce ya naɗe wando zuwa gwiwa, Sali ya juya ya fuskanci bango, daga nan ya ci gaba da aikinsa. Ɗaya likitan ya soka masa allura a tafin ƙafa ya ce a tambaye shi ko ya ji. Ƙafar hagu ce, wadda na taɓa ganin garwashin shayi ya faɗo mata bai sani ba sai da ya ji ƙauri. Amma idonsa lafiya lau yake, yana kallon allurar. Ya ce ya ji, kuma a gaya wa likita hannunsa ba nauyi. Sannan aka ce ya gwada tafiya, in zai iya, da sanda ko da taimako.

Na ji ƙarar sanda an jingine ta da tebur. Na ji taku, ɗaya bayan ɗaya, ba ja, ba tsayawa, daga bango zuwa bango, ya dawo, ya sake. Ba a ce ya tsuguna ba, amma ma'aikaciyar jinyar ta gaya min daga baya ya tsuguna ya miƙe, ya tambaya ko akwai saura. Ban san yadda ya yi ba. Likitan da ke riƙe da hoton bayan ma bai sani ba, na ji yana cewa mai wannan hoton bai kamata ya tsaya da ƙafarsa ba. Dakta Essomba ta ce mutum aka ce su auna, ba hoto ba.

Ya fito da sandarsa a kafaɗa, hannu biyu rataye a kanta, yadda makiyaya ke yi. Haka ya ratsa baranda. Sai da ya kai mota, ƙofa ta kare shi, sannan ƙafafun suka karɓi haƙƙinsu, na tura shi ciki. Rigar baƙa ce, ba ta nuna komai, amma mota a rufe take. Ba mu yi nisa ba Sali ya sauke gilasai duka huɗu, ya ce wa sitiyari yau ana zafi. Ruwa na shigowa yana dukanmu. Hamagabdo ya ce lallai ana zafi.

Bayan mun sauke shi, Sali bai mayar da motar ba, ya wuce bakin kogi, ya cire kujerar baya ya wanke da kansa, bai bar masu wankin mota sun taɓa ba. Ina zaune a kan dutse ina kallonsa. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

"Na ji abin da ta tambaya, Metir. Na kuma san amsar. Kulsumi ce ke sayo robar."

"To?"

"To, bakina ya ƙi. In na tambaye shi wannan, da wane ido zan sake shiga gidan? Shi kuma da wane ido zai karɓi gaisuwata?"

Na ce masa da idon da ake karɓar fansho. Bai yi dariya ba, ni ma ban sa ran zai yi ba. Ya ci gaba da dirzar kujera.

Tafiyar nan ta bango zuwa bango ba kyauta ba ce. Kwana biyu bayanta aka kwantar da Hamagabdo a asibiti, bayan ya kumbura, fitsarin da a da ba ya tsayawa yanzu ya ƙi fita sai da roba. Ya yi makonni a can. Masu zuwa dubiya yakan ce musu hutawa yake yi, gidan ya cika hayaniya. Asibiti kuwa ba ya bambanta mai hutawa da mai jinya wajen rubuta takardar kuɗi, kuma Astajam ake miƙa wa.

Yana komawa gida sakamako ya fito, na kai masa. Na same shi a kwance a zaure, an jingina shi da matashi. Na ce masa an ba shi kashi arba'in, ƙarin goman albarkacin hoto ne, kuma ana bukatar sittin da shida da ɗoriya. Na ce akwai sauran hanya ɗaya, kotu. Za a ɗauki shekaru, kuma a can ana karanta fayil da ƙarfi, ƙofa a buɗe, duk mai son zama a benci ya zauna. Ya ce kotu ta ɓarayi ce da Barebari. Sannan ya ce in sake karanta masa lambar.

"Arba'in na me?"

"Arba'in cikin ɗari na jikinka sun lalace."

"Saura sittin ke nan."

"Saura sittin."

"Da hatimin gwamnati?"

"Hatimi uku, da sa hannu uku."

Ya karɓi takardar ya juya ta, ya tambaye ni ko ni ina da wata shaida da ke nuna kashi nawa ne na jikina ke aiki. Na ce ba ni da ita. Ya ce ya san haka, ba likitan da zai sa hannu a kan Babarbare. Ya aika aka lulluɓe takardar da leda mai tauri, irin wadda ake yi wa takardun makaranta.

Da zan fita Astajam ta yi min magana daga bayan zana.

"Metir, ba komai ke nan?"

"Ba komai, Goggo, sai kotu."

"Ya ce kotu?"

"Bai ce ba."

"To. Mun gode. Allah ya saka."

Ranar da ya fara fita, keke mai ƙafa uku ya kai shi majalisa bayan la'asar, ya aiko a kira ni in zo in ga yadda ake girma. Majalisar tana gefen shingen tasha, wurin Na-Allah mai tsire, inda tsofaffin masu lodi da dillalan shanu ke zama. Na tarar an ba shi kujera mai hannu, takardar na yawo daga hannu zuwa hannu, yawancin masu riƙe ta a juye. Yana ba su labari. Likitoci uku, in ji shi, an kawo su takanas daga kudu, sun soke shi da allura, sun duba hotonsa, sun sa shi tafiya, a ƙarshe suka rubuta cewa gwamnati ba ta da abin da za ta ba shi, don ba ta ga inda ya gaza ba. Ya ce duk wanda ke ganin ya kai sittin a cikinsu ya je a auna shi. Wani dillali ya ce shi matarsa ta auna shi tuntuni, ta ba shi goma. Aka yi dariya. Hamagabdo ya ɗaga hannu ya ce wa Na-Allah a kawo wa kowa tsire da shayi, a kansa. Aka kawo, aka ƙara. Masu wucewa ma da suka ji ana rabo sun tsaya taya murna.

A hayin shinge ana loda jirgin yamma. Yaran kamfani na kora shanu kan gadar katako zuwa cikin tarago, da ihu da duka. A cikinsu akwai wata ja mai farin goshi, ta toge a bakin gada ta ƙi hawa, tana waiwaye. Hamagabdo mutum ne da ke gane saniya daga tafiyarta tun tana nesa. Ya tsaya a tsakiyar magana, ya dube ta. Sannan ya ɗaga murya ya kira shugaban yaran.

"Kai, ɗan nan. Mai farin goshin can ta saba da hannun mace. Ku bar dukanta, ku yi mata magana, za ta hau."

Suka bar dukan, ɗaya ya dafa wuyanta, ta hau. Hamagabdo ya ce yaran yanzu ba su san aiki ba. Ya sa aka juya masa kujera ta ba shinge baya, wai rana na dukan idonsa, ya koma kan labarin kakansa da ya mutu a tsaye.

Da safe hanyata ta zuwa kotu ta biyo ta tasha. Na-Allah bai hura wuta ba tukuna, yana kankare tire. Astajam na tsaye ta bayan rumfar, inda ba a gani daga titi, kanta ba ƙwarya. Tana kwance bakin zane. Na ji Na-Allah yana cewa ta bari, Goggo, ba gaggawa, shi da maigida sun daɗe tare. Ta tambaye shi nawa ne tsiren jiya, har da shayin, ya faɗa, ta ajiye kuɗin a gefen kwanon yaji ta ɗora masa dutse don iska. Ta ɗaure sauran, ta gyara mayafi.

Na-Allah ya tambaye ta yaya maigida ya kwana.

"Lafiya lau," in ji ta, ta kama hanyar kantin magani.